Baƙon da Ke Shagon Yaya Rilwanu

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan la'asar

Na sayi littafin nan ne don in rubuta labarin soyayya nawa na kaina. Har na raɗa wa yarinyar suna Amira, na ba ta dogon gashi da gidan sama. Shafi ɗaya da rabi na yi. Ga abin da nake rubutawa a cikinsa yanzu.

Yau kwana biyu da kifewar kwalekwale a hanyar Guri. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki. An sami tara. Yaya Rilwanu ba ya cikin taran. Iyakar abin da zan rubuta a kai ke nan.

Jiya Baba ya shigo da wani tsoho a adaidaita. Kansa a aske tas, ya yafa wani jan ƙyalle mai duhu kamar jar ƙasa, kafaɗa ɗaya a waje, ƙafar dama a kumbure. Wan Injiniya ne, Injiniyan nan ɗan ƙasar Bama ta can Asiya da Baba yake tuƙa wa mota a kamfanin casar shinkafa, wanda Yaya ke koyon gyaran inji a wajensa. Zuwa ya yi ganin ƙaninsa, aka ɗauke shi kallon gonaki. Duk suna cikin kwalekwalen. An wuce da Injiniya asibiti Kano bai san inda kansa yake ba, gidan kamfani kuma ruwa ya cinye. Sai Baba ya buɗe shagon Yaya da ke jikin zaure ya shimfiɗa wa tsohon.

Umma ta ce, "A ɗakin yarona?"

Baba ya juyo. Ni ya kira. Ya ce, "Adila, ke kaɗai ke jin Turanci a gidan nan yanzu." Ya ce yanzu, sai ya kawar da kai. "Sayado ake ce masa. Malamin addinin Buda ne. Amana ce na bar miki, abincinsa a hannunki yake." Ya ɗauki tocila ya bi masu nema.

Ni da ko mai kanti ba na iya haɗa ido da shi.

Juma'a, 13 ga Satumba, hantsi

Na kai masa koko da ƙosai yadda Umma ta koya mana: baƙo namiji ka yi sallama, ka ajiye a bakin ƙofa, ka juya. Ba a tsaya wa baƙo a ka yana cin abinci. Da na koma ɗaukar kwano, yana nan yadda na ajiye. Tuwon jiya ma haka. Butar ruwa ce kawai ta ragu.

Babu labari.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan magariba

Maƙwabciyarmu Ummussalma ta ce irinsu ba sa cin yankanmu. Umma ta dafa shinkafa da wake da mai da yaji, da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi yana sa ta hawaye. Ko dai ba hayaƙin ba ne. Na kai, na dawo da shi bai ko buɗe murfin ba.

Umma ta dubi kwanon ta daɗe. Ta ce, "Ɗana ya shiga ruwa saboda shi, shi kuma yana ƙyamar abincina."

Haka masu kwalekwale suka ce, wai Yaya ya riga ya fito, ya koma.

Ruwa ya kusa kai kan jinga. Samarin unguwa suna ta jera buhunan yashi. Haris abokin Yaya yana cikinsu, na hango shi ta kan katanga, wandonsa a naɗe har gwiwa. A littafi da yanzu ya ɗago kai mun haɗa ido. Bai ɗago ba. Na ji kunyar kaina da na tsaya kallo a irin wannan mako.

Lahadi, 15 ga Satumba, da safe

Yau ya kira ni. Ina sunkuyawa in ajiye kwano ya ce "'yata" da Turanci, murya kamar ta mai mura. Na ruga. Takalmina ɗaya na nan a ƙofar shagon.

Lahadi, bayan la'asar

Kaka Zarami, mahaifin Baba, a zaure yake wuni da carbinsa tun da yanar ido ta rufe masa gani. Ya ji wucewata.

"Amarya, zo nan. Kishiyar tawa har yau bai ci ba?"

"Kaka, namiji ne fa."

"To abokin takarata ne. Na ji kin fi kai masa kwano a kan lokaci. Ni sai na yi ta tari."

Na yi dariya, dariyar farko tun Talata. Sai ya daina wasa. Ya ce masunci ne shi shekara hamsin, ya san numfashin wanda yunwa ke ci, yana jin sa ta jikin bango. Ya ce, "In tsohon nan ya mutu a gidan nan, Rilwanu ya koma ruwa a banza ke nan. Ki riƙe wannan."

Na riƙe.

Litinin, 16 ga Satumba, hantsi

Na ga wani abu.

Na laɓe bayan asabari ina jiran in ɗauko takalmina. Sayado ya rarrafo bakin ƙofa yana shan hantsi, ƙasusuwan kafaɗarsa kamar na kaza. Kokon da na ajiye yana gefensa, ƙudaje na bin murfin. Kaka ya lallaɓa ya zauna kusa da shi. Ya laluba aljihu ya ciro dabino biyu, ya lalubo hannun tsohon ya danƙa masa, ya ce, "Ungo, Malam Mai Ja. Ko wannan ma haramun ne a garinku?"

Ya karɓa da hannu biyu. Ya rufe ido ya faɗi wasu kalmomi a hankali. Ya ci. Ya daɗe yana tauna kowanne kamar ba zai ƙare ba.

Litinin, bayan magariba

Na sa Kaka ya miƙa masa tuwo. Ya haɗa tafin hannuwa ya girgiza kai. To dabino kaɗai yake ci? Dabinon Kaka kuwa ya ƙare.

Dole in tambaye shi. Bakina ba zai iya ba. Na yagi takarda daga bayan littafin nan, daidai inda Amira ke tsaye a bene, na rubuta da Turanci: Don me ba ka cin abincinmu? Na haɗa da biro na tura ƙarƙashin ƙofa.

Talata, 17 ga Satumba, da safe

Amsar tana cikin takalmina, an ajiye shi a tsaye jikin bango. Rubutun yana rawa. Ga abin da ya ce, yadda na fahimta:

"Abincinku mai kyau ne, ina jin ƙamshinsa. Na ɗauki alkawari tun ina saurayi. Ba na cin abin da ba a miƙo mini hannu da hannu ba, don abin da aka ajiye ba nawa ba ne tukuna. Ba na ci in rana ta raba tsaka, sai washegari. Ba na roƙo. Na so in yi miki bayani, amma kina da gudu. Ba laifinki ba ne."

Kwana biyar. Kwana biyar ina ajiye masa abinci taku biyu daga hannunsa ina gudu, ina ganin ladabi nake yi.

Ya ce ba laifina ba ne.

Talata, azahar

Na yi. Kaka ya ce hannunsa na rawa, zai yi wa baƙo wanka da koko, ni zan miƙa. Ya zauna a tsakaninmu kamar waliyyi. Na ja hijabina har goshi, na durƙusa, na ɗaga kwanon da hannu biyu ina kallon ƙasa. Na ji nauyinsa ya bar hannuna. Ko yatsana bai taɓa ba.

Ya sha rabi ya huta, ya sha sauran. Kaka ya ce, "Ji yadda yake kurɓa. Amarya, an ƙwace mini ke."

Na gaya wa Umma dalilin. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki yi abin da ubanki ya sa ki." Ko sunan shagon ba ta son ji. In za ta leƙa waje ta ƙofar baya take bi.

Yau mako ɗaya.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Sayado ya kafa kara a ƙasa a ƙofar shago. In inuwar karan ta tattare ta koma gindinsa, shi ke nan, ya rufe baki sai gobe. Yanzu ni ma ina wuni ina leƙen inuwar kara.

Ba ya doguwar magana da mace sai da namiji a wurin, wannan ma cikin alkawarin ne. Kaka ya ce, "To, makaho ya zama mai gadi." Shi yana jan carbinsa, Sayado yana jan nasa na baƙin itace, ni ina tsakiya ina fassara. Turancinsa a karye, nawa a tsorace.

Garinsu ma garin shinkafa ne, in ji shi, ruwa ta ko'ina kamar fadamarmu. Yana da shekara tara uwarsa ta kai shi gidan malamai, aka aske masa kai aka ba shi mayafi. Ya ce kuka ya yi ta yi wata guda, ba don Allah ko Annabi ba, don yunwar yamma. Wannan maganar tawa ce, shi cewa ya yi ba don wani babban abu ba. Yana da ashirin ya ɗauki manyan alkawura, sama da ɗari biyu. Kaka ya ce a tambaye shi mata nawa. Na ƙi. Ya matsa. Na tambaya fuskata a cikin hijabi. Ya ce ko ɗaya. Kaka ya tafa hannu ya ce, "Shi ya sa ba shi da furfurar damuwa. Ko da yake ina zan gani, ya aske."

Juma'a, 20 ga Satumba, hantsi

Baba ya kira. Suna wajen Kirikasamma. Ciyawar kacalla ta toshe ko'ina, kwalekwale ba ya ratsawa. Babu labari.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan azahar

Na idar da salla ban san raka'a nawa na yi ba. Kullum haka yanzu. Ina ta da kabbara sai in ga ruwa.

Sayado ya ga idona ya tambaya ko ina barci. Na ce a'a. Ya ce shekara bakwai ya yi a daji shi kaɗai a bukka yana koyon abu ɗaya, daga baya ya yi shekara da shekaru yana koya wa mutane, har da likitoci da sojoji. Na ce mene ne? Na zaci wani babban sirri ne. Ya ce, "Numfashi ya shiga, ki san ya shiga. Ya fita, ki san ya fita. In tunani ya ɗauke ki, kada ki yi faɗa da shi, ki dawo bakin hancinki."

Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan, kuma har yau bai gama koyo ba.

Na ji tsoro, na tambayi Kaka ko wannan shiga addininsu ne. Ya ce, "Numfashin na wa ne? Wa ya ba ki? In ya ce ki yi wa wani abu sujada ki zo ki gaya mini in fasa masa kai da sandata." Ana kiran la'asar Sayado ya nuna mini hanyar cikin gida da hannu. Kullum shi ke fara jin kiran.

Ummussalma ta ce wa Umma a bi a hankali, kada a juyar da yarinya. Umma ta ce, "Wa ke da sauran abin juyawa a gidan nan?"

Litinin, 23 ga Satumba, da yamma

Na gwada. Numfashi uku na yi, na huɗu Yaya ne yana satar mini littafi yana karantawa da muryar mata a tsakar gida, "Haba masoyina, kada ka tafi ka bar ni," ni ina bin sa da muciya.

Na dawo bakin hancina. Hancin a toshe yake.

Laraba, 25 ga Satumba, hantsi

Yau na yi rashin kunya. Ina miƙa masa fate na ce, shi ai ba ruwansa, ya iya zama kamar dutse, bai san yadda ake ji ba. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Ya ajiye kwanon. Ya ce wata shekara guguwa ta taso daga teku ta turo ruwa kan garinsu. A lokacin yana babban malami, mutane na zuwa daga nesa su zauna gabansa. Ya kwana rungume da bishiya. Da gari ya waye babu uwarsa, babu ƙannensa mata uku, babu 'ya'yansu. Injiniya kaɗai ya rage, don yana birni karatu. Ya ce mako uku yana jan gawa daga gonakin shinkafa yana duba fuska. Bai sami uwarsa ba.

Na ce to numfashin fa?

Ya ce shekara guda ya kasa. In ya zauna sai ihu ya taso masa. Ya gaya wa ɗalibansa su nemi wani malami, shi maƙaryaci ne. Wata tsohuwa da ta rasa kowa ita ce ta dinga zuwa kullum da safe da 'yar shinkafa a ganye, ta tsaya a kansa sai ya miƙo hannu. Ya ce, "Ba karatuna ne ya tashe ni ba. Ita ce. Daga baya na koma koyarwa, amma na daina gaya wa mutane za su daina jin zafi."

Kaka ya ce me ya ce? Na kasa fassarawa. Ya ce, "Bari, na ji."

Da ƙyar ya gama faten kafin inuwa ta kai.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan magariba

Zazzaɓi ya kama Sayado. Haris ya kawo mai kemis, ya ce cizon sauro ne a jikin da ba ƙarfi, maganin kuma sai da abinci a ciki, in ba haka ba zai kayar da shi. Cokali biyar ya iya sha. Haris ya ce mini sannu da ƙoƙari. Ko a jikina. Da can da na rubuta shafi uku a kan wannan sannun.

Juma'a, 27 ga Satumba

Ruwa ya fara janyewa. Kowa na murna. Ni na san abin da janyewar ruwa ke nufi.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan la'asar

An same shi.

Asabar, bayan magariba

Zan rubuta don kada in manta yadda aka yi.

Da sassafe Baba ya kira. A can za a yi jana'izar, bakin ruwa, ba a iya kawo shi gida. Maza duk suka tafi, Haris ya goya Kaka a babur. Gida ya cika da mata. Ba a hura wuta ba, maƙwabta ne suka shigo da kwanuka. Ni ina ƙuryar ɗaki kaina a cinyar wata da ban ma san ko wace ce ba. Ban tuna da shago ba. Ban tuna da kara ba. Wallahi ban tuna ba.

Umma tana zaune kan tabarma tun safe, ba ta yi kuka ba, ana yi mata gaisuwa tana cewa sai haƙuri. Can sai na ji ta ce, "Adila. An kai wa baƙon?"

Na zabura. Na leƙa, inuwar ba ta fi faɗin yatsa biyu ba. Na rarumi kwanon kunu, hannuna ya ƙi, ya zube a zanina. Umma ta tashi. Ta ɗauki wani kwanon, na kunun gyaɗar da Ummussalma ta kawo, ta yafa mayafi. Ummussalma ta ce, "Haba Binta, ke da ke zaman makoki?" Umma ta wuce ta. Ta bi ta zaure, hanyar da ta yi kwana goma sha bakwai ba ta bi ba.

Yana jingine da ƙofa, leɓɓansa sun farfashe. Ya ji kukan, ya sani. Da ya ga Umma ya yi ƙoƙarin gyara zama ya kasa. Rigar Yaya mai ruwan toka tana rataye a ƙusa a bayansa. Umma ta gan ta.

Ta tsaya da kwanon. Ta ce, "Tambaye shi. Ya yi magana?"

Na tambaya. Ya ce Yaya ya jawo shi har jikin wata bishiya, ya ɗora hannuwansa a reshe, ya faɗi wani abu, sannan ya juya wajen wata mata da ke ihu. Ya ce bai san ma'anar ba, amma kullum yana maimaitawa don kada ta ɓace, ya san ta wani ce. Bai ba ni in fassara ba. Ya dubi ƙasa gaban Umma ya faɗa da Hausa, harafi harafi, har da yadda Yaya ke jan ƙarshen magana:

"Riƙe nan, Baba. Ina zuwa."

Abin da yake cewa ke nan in Umma ta aike shi yana sauri. Ina zuwa.

Umma ta yi wani sauti da ban taɓa ji ba. Na zaci kwanon zai faɗi. Bai faɗi ba. Ta durƙusa, ta ɗaga shi da hannu biyu, ta miƙa har sai da ya karɓa. Ta ce, "Gaya masa ya shanye. Kada ya rage ko kurɓi ɗaya. Da tsada na saye shi."

Ban fassara na ƙarshen ba.

Ya sha yana haɗawa da hawaye, ita tana durƙushe tana kallonsa, ita da ta koya mini ba a tsaya wa baƙo a ka. Sai da ta ga gindin kwano, ta sa na ba shi maganin. Sannan ta koma ciki ta faɗi a tabarma, aka riƙe ta.

Talata, 1 ga Oktoba, hantsi

An yi sadakar uku jiya. Zazzaɓin ya sauka. Injiniya ya farfaɗo, yana neman wansa.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan azahar

Motar kamfani ta zo da safe. Sayado ya taka da ƙafarsa har bakin titi yana dafe da sandar Kaka. Kaka ya ce a gaya masa ya dawo da ita, aro ce. Umma ba ta fito ba, amma ita ta dama kokon, ta ce in tabbatar na miƙa.

Ba shi da abin da zai bar mana, a wajenmu ma bai ɗauki komai ba sai sandar. Na share shagon na kulle.

Karan yana nan. Ɗazu na tarar da Umma tsaye a zaure tana duban sa, inuwar ta kusa gindi. Ta ce, "Ko wa zai miƙa masa a hanya?"

Na ce direba ya sani, na rubuta masa a takarda.

Ta ce to. Ba ta tafi ba.